Bado a Ramin Bam

A tudun Laos, bayan gidanmu,
akwai tafki zagayayye kamar bakin ƙwarya.
Ba ruwan sama ne ya haƙa shi ba,
ba kuma hannun kakana ba.
Daga jirgi aka jefo abin da ya haƙa shi,
tun uwata tana goye a bayan tata uwar.

Yanzu bado ya rufe shi ruf.
Da sassafe furanni kan buɗe, jaja-jaja, wasu farare tas,
balbela ta tsaya da ƙafa ɗaya tana duban fuskarta,
mazari na shawagi, kwaɗi na ta gardama,
baunar tsoho Bunmi ta nutse har wuya,
hanci kaɗai a waje, tana huci.
Baƙo ya gani, sai ya rantse
ƙasar nan ko ƙaya ba ta taɓa takawa ba.

Ni kuwa kullum ina fita da na'ura mai dogon wuya,
ina shafa bayan ƙasa, taku bayan taku,
kamar ungozoma tana lalubar ciki.
In ta yi kuka, sai in durƙusa,
in lallashi turɓaya da yatsu
har ta nuna mini abin da ta haɗiye.

Bai wuce lemo girma ba.
Wani ne ya zauna a wata ƙasa mai nisa,
ya zana shi a takarda, ya auna, ya gyara,
ya ga ya yi daidai da tafin hannu.
Da yamma ya koma gida,
ya ɗauki ɗansa ya cilla sama,
ya cafe.

Ƙanena Somdi, ɗan shekara bakwai,
ya je kamun fara a gefen gonar shinkafa.
Ya tsinci lemo.
Ina rafi ina wanke kwando na ji ƙarar.
Tsuntsayen kurmin gora suka tashi gaba ɗaya
har suka tare rana,
suka yi kewaye ɗaya, biyu,
sannan suka dawo, suka sauka,
suka ɗora waƙarsu daga inda suka tsaya.
Wannan ne na kasa yafe musu.

Shekara da shekaru ina gaba da safiya.
Gajimare ya sauko ya kwanta a cinyar duwatsu,
in kau da kai.
Shinkafa ta nuna, ta sunkuya, iska ta taje mata gashi,
in ce: marar kunya,
a kan wa kike yin wannan kwalliya?

Ba ta amsa ba.
Ta dai ciyar da mu a shekarar,
da wadda ta biyo baya.

Yau goma sha ɗaya na tono.
Ɗaya a gindin ayaba, saiwa ta rungume shi,
tururuwa sun yi hanya ta kansa
suna ɗauke da fiffiken wani ƙwaro.
La'asar ta yi, Sengdao ta ɗauki lasifika,
ta ce a kore shanu, a kira yara.
Muka ja waya, muka koma bayan tudu.

Ƙasa ta yi tari.
Tafki ya yi rawa, bado ya girgiza,
komai ya yi tsit.
Na ƙirga a zuci: ɗaya, biyu, har ashirin da uku,
sai wani ƙaramin kwaɗo, mai muryar da ba ta gama fashewa ba,
ya gwada.
Sauran suka karɓa.

Na shiga ruwa har gwiwa, na tsinko fure ɗaya.
A ƙofar gida uwata na ban ruwa
ga albasar da ta shuka a ɓawon tsohon bam.
Na miƙa mata.
Ta sansana, ta soke shi a gashinta mai furfura,
ta ce, nawa yau?
Na faɗa mata.
Ta ce, to, wanke hannu, shinkafa ta huce.